Fuatino, Yayar 'Yarta

Duk yaron da ya sa fararen kaya ranar Lahadin Yara a ƙauyenmu cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan, Fuatino ce ta ɗinka masa. Tino ake ce mata. Keken ɗinkinta yana gefen rumfar gidan mahaifinta Penaia, ta wajen da iskar teku ke shigowa, tsohon baƙin keke ne na ƙafa wanda gishiri ya cinye masa fenti. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da faɗa. In ka kai ɗinki za ta auna ka da fil a bakinta, ta ce Alhamis, kuma Alhamis ɗin za ka karɓa. Tela mai cika alkawari a tsibirin Savai'i, wannan kaɗai ya isa a ba da labarinta. Amma ba shi ya sa nake ba da shi ba.

Tana da shekara goma sha tara Faleniko, wanda ake ce wa Niko, ya zo. Haifaffen Brisbane ne ta ƙasar Ostireliya, jikan tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, kuma ya zo ne a yi masa zanen maza, wanda ake bugawa da tawada tun daga ƙugu har gwiwa. Aikin ya ɗauki mako shida. 'Yan mata kan zauna gefen tabarma suna yi wa mai shan azabar fifita da waƙa don ya daure. Niko bai daure ba. Ranar farko ya fashe da kuka, yana kiran uwarsa da gurɓataccen yarenmu, 'yan matan suka riƙa toshe baki da zane suna ƙyalƙyala. Tino kaɗai ce ba ta yi dariya ba, sai ta tashi ta fasa masa ɗanyar kwakwa. Daga nan abin ya samo asali, sauran kuwa ba sai na faɗa ba. Zane ya warke, Niko ya hau jirgi ya koma, bai san ya bar ajiya ba.

Penaia dattijon coci ne. Shi ke riƙe ƙoƙon jibi, wanda ake zagawa da shi masu ibada su kurɓa, kujerarsa tana gaba kusa da fasto, kuma in majalisar ƙauye ta zauna cin tarar gidan da 'yarsu ta yi ciki ba aure, muryarsa ake fara ji. Da matarsa Maseiga ta raɗa masa abin da ke faruwa, bai daki Tino ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya dai ce kada wanda ya aika wa yaron nan saƙo. Bayan mako guda aka ji Maseiga da Tino sun haye tsibirin Upolu jinyar wata gwaggo. Jinya ta yi wata biyar. Da suka dawo, jaririya tana hannun Maseiga, wadda a lokacin ta haura arba'in da shida.

To, ƙauyen da ɗakunansa ba su da bango, ina za a ɓoye ciki? Kowa ya sani. Mata suka yi ta zuwa barka, suna cewa, "Ikon Allah, Saratu ta sake haihuwa." Wata ta ce, "Ashe har yanzu Penaia da sauransa." Aka yi dariya, aka sha koko, aka watse, ba wadda ta kalli ƙirjin Tino da ya jiƙe da nono. Mun iya wannan rufin asirin, kuma muna alfahari da shi, ba mu taɓa tambayar wa ke ɗauke da nauyinsa ba.

Penaia da kansa ya je wurin wakilin gwamnati na ƙauye aka yi rajistar haihuwa. Sunan yarinya Leitu, uba Penaia, uwa Maseiga. Wakilin ya rubuta bai ɗago kai ba, don shi ma yana da irin wannan autar a gidansa.

Abin da ya sauƙaƙa komai shi ne yadda muke kiran juna. Mu nan yaro sunan uwarsa yake kira, sunan ubansa yake kira, ba wanda ke ganin rashin kunya ce. Saboda haka ƙaryar ba ta taɓa buƙatar a furta ta ba. Leitu ta buɗe baki ta ce Maseiga, ta ce Penaia, ta ce Tino. Ba a koya mata ta ce da kowa uwa ba, ba a kuma hana ta ba. Tino kan shayar da ita a bayan madafa, tana gamawa ta miƙa wa Maseiga ta goya ta zuwa coci. A shekarar ne ta koyi ɗinki, don ta sami dalilin zaman gida.

Ranar Lahadin Yara ta fi kowace rana yi mata nauyi. Yara kan hau gaba cikin fararen kaya su yi haddar aya, in sun gama kowa ya ruga wurin iyayensa. Leitu kan yi tata haddar ba gargada, cikin rigar da Tino ta yi kwana uku tana wa ado a wuya, sannan ta wuce layin Tino a guje ta faɗa cinyar Maseiga. Mata su juyo su ce, "Maseiga, 'yar nan taki akwai kai." Tino ta yi tafi tare da kowa.

Maneman aure sun zo, don ba muni gare ta ba. Wanda ya fi naci shi ne Alapati, direban bas ɗin katakon da ke kai mutane bakin jirgin fito. Kullum sai ya tsaya ƙofar gidan ya danna hon, yau rigarsa ta yage, gobe maɓalli ya cire.

"Tino, maɓallan nan da hannuna nake cire su, kin sani. Sun kusa ƙarewa, ki taimaka."

"Ka sayi masu ƙarfi."

"Ki aure ni kawai a huta. In don 'yar ƙanwar nan taki ce, ki taho da ita."

"Ka taɓa ganin ƙanwa ta bi yayarta gidan miji, iyayenta na raye?"

Alapati ya ja motarsa ya tafi, don shi ma ya san abin da kowa ya sani. Bayan shekara biyu ya auri wata daga ƙauyen gaba. Har yau in ya zo wucewa yakan rage sautin kiɗan motarsa.

Leitu tana shekara goma sha biyu Maseiga ta rasu, ciwon suga ne. Wajen jana'iza mai jawabin gida ya jero 'ya'yan marigayiya, ya rufe da Leitu, auta. Tino ta daɗe tana ce wa kanta duk ranar da babu Maseiga za ta faɗa wa yarinyar gaskiya. Da ranar ta zo, ta ga yadda Leitu ke rungume da filon tsohuwar tana kuka, sai ta ji kamar za ta yi wa mamaciya sata. Ta haɗiye maganar, ta ci gaba da taka kekenta.

Haka aka tafi har Leitu ta kai goma sha shida, shekarar da Niko ya dawo karɓar sarautar gidansu. Ya yi ƙiba, sanƙo ya ci masa rabin kai, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Yana da mata, Moira, Baturiya ce mai aikin jinya, shekararsu goma sha biyu ba haihuwa. Ranar walima Leitu na cikin 'yan matan da ke kai abinci. Ta durƙusa ta ajiye masa faranti da hannun hagu, ta yi murmushi, wushiryarta ta bayyana. Shi ma bahago ne, shi ma mai wushirya, ga kunnuwan nan nasu masu fiffike, kamar an tsaga kara. Ya bi ta da kallo har gwazarsa ta huce. Gwaggonsa da ke gefe ta ce masa ya ci abinci, in an watse za ta gaya masa wata magana.

Washegari ya zo rumfar Tino da riga a hannu, rigar da ba abin da ya same ta.

"Tino, ba ki gane ni ba?"

"Na gane ka. Mai kukan nan."

Bai yi dariya ba. Ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa da ƙyar. "Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Ka tambaya ne aka ƙi gaya maka?"

Ya sunkuyar da kai. Niko ba mugu ba ne, wannan ma yana cikin abin haushin. Da mugu ne da Tino ta kore shi da almakashi, labari ya ƙare a nan. Ya ba ta haƙuri, ya kuma ba ta, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Shi ɗan ƙasar Ostireliya ne tun ranar da aka haife shi, don haka 'yar da ya haifa, ko a ina aka haife ta, tana iya neman takardar zama 'yar ƙasa ta wurinsa. Za ta yi karatu, za ta yi aiki, ba mai korar ta.

"Ba aure muka yi ba ai," in ji Tino.

"Ba aure suke tambaya ba. Jini suke tambaya, da takarda."

Kafin ya koma ya haɗa ta da wata lauya a birnin Apia mai suna Sieni. Tino ta hau bas ɗin Alapati, ta hau jirgin fito, ta sake hawa bas, takardar haihuwar Leitu tana cikin leda a jakarta. Sieni ta karanta takardar ta zare tabarau.

"Ke ce wa a nan?"

"Ba na ciki."

"Na gani. A idon takardar nan ke yayarta ce, shi kuma Faleniko baƙo ne da ya zo wucewa. Kada ki ji kunyata, 'yar'uwa, ba ke ce ta farko a kujerar nan ba. Rabin ƙasar nan autan kakanninsu ne."

Ta jero mata hanyoyin da ke akwai. Yarinya tana iya jira ta girma, ta shiga ƙuri'ar biza tare da dubban mutane, ta yi ta jiran sa'a. Tana iya bin masu zuwa tsinkar 'ya'yan itace, ta yi watanninta a gona a dawo da ita. Tana iya zuwa karatu a matsayin baƙuwa, da tsadar da shi kansa uban ba zai iya ba. Ko kuma a gyara takardar. In gyaran za a yi, za a ɗebi yawun uba da na 'ya a gwada, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce, wanda ya ba da bayanin farko sai ya zo ya yi rantsuwa cewa abin da ya faɗa ba haka yake ba. Maseiga ta rasu, saura Penaia.

Tino ta ninke takardar ta mayar cikin leda. Har ta kai ƙofa ta juyo. "In ta tafi, ni fa?"

Sieni ta mayar da tabaraunta. "Hanyar ta jinin uba ta biyo, ba ta bi ta kanki ba. Sai dai ziyara, in sun ba ki biza."

A cikin jirgin dawowa Tino ta zauna tana kallon ruwa, ta gane abin da aka ajiye a gabanta. Takardar da za ta fara kiranta uwa ita ce kuma za ta ɗauke mata 'yar. In ta bar ƙaryar yadda take, Leitu tana nan kusa da ita, tana cin abincin hannunta. In ta gyara, za a rubuta sunanta a layi ɗaya, yarinya ta hau jirgi. Gaba kura, baya sayaki.

Ta sami Penaia bayan addu'ar yamma, yana jingine da ginshiƙin da ya saba jingina. Ta zauna nesa kaɗan, ta faɗa masa abin da lauya ta ce, kanta a ƙasa.

"In je in ɗaga Littafi Mai Tsarki in ce na yi ƙarya?" in ji shi. "Wace ƙaryar? Wa ya raɗa mata suna? Gwazar gonar wa ta ci? Ranar da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita, bayan wa ta hau zuwa asibiti? Shi wancan mai kukan, ina yake a lokacin?"

"Penaia, takardar ce ba ta san wannan ba."

"To takardar ce jahila. 'Yata ce, an gama."

Kuma har zuciyarsa haka yake gani. A wurinmu ɗa na gidan da ya raine shi ne, tsohon bai taɓa jin ya yaudari kowa ba, gani yake ya rufa wa gidansa asiri kamar yadda ubansa zai yi. Tino ta tashi ta koma madafa. Zan faɗi abin da ita ba za ta faɗa ba: daɗi ta ji. Ta yi iya nata, tsoho ya ƙi, ba laifinta ba ne. Wata uku Niko yana bugo waya tana ce masa ana kan magana, ta kuwa fi kowane lokaci cin abinci.

Wata Asabar tana yanka yadi, Leitu na zaune gefenta tana warware wani ɗinki da ya karkace. Yarinyar ce ta ɗaya a ajinsu a darasin kimiyya, amma ranar hutu hannunta na kan zare, har ta fara sa fil a baki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Tino, sai yaushe za ki gaya min abin da kika je yi Apia?"

"Zare na je saye."

"Zaren ne ya sa Faleniko ke kiranki duk Laraba?"

Almakashin ya tsaya. 

"Na sani fa," in ji Leitu. "Tun ina aji biyu. A filin wasa aka gaya min, mun yi faɗa da wata a kan ƙwallo ta ce in je in tambayi yayata wa ya haife ni. Na dawo gida na yi ta kallonki, na ga ƙafarmu iri ɗaya ce."

"Shi ne ba ki taɓa tambaya ba?"

"Ke me ya hana ki faɗa? Shekara tara ina jira. Duk Lahadin Yara sai in ce yau in na sauko za ki miƙo hannu. Ba ki taɓa miƙowa ba, sai tafi."

Tino ta zauna a kan buhun ƙyallaye. Shekara goma sha shida tana gadin ƙofar da babu kowa a bayanta, har wadda ake ɓoye wa ma ta daɗe da fita. Ba ta yi kuka ba, kunya ce ta rufe ta, kunyar 'yar cikinta. Can ta yi tambayar da take tsoro.

"Kina son tafiya?"

"Ina so."

Ko numfashi yarinyar ba ta ja ba kafin ta amsa. Ta ce tana so ta zama ma'aikaciyar jinya, ta ce ba ta son ta tsufa a gefen keken nan. Sai da maganar ta fita ta ga fuskar Tino, ta ce ba haka take nufi ba. Tino ta ce ta sani, ta miƙo mata almakashi ta ce ta ƙarasa yankan.

Akwai tabarmar girma a ƙasan akwatin Tino, mai laushi kamar yadi, da jan gashin tsuntsu a bakinta. Maseiga ta yi shekara biyu tana saƙa ta domin ranar auren Tino. A al'adarmu, in wani ya yi kisa ko ya yi wa wani gida babban laifi, manyan gidansu kan je tun da sassafe su zauna a ƙofar waɗanda aka yi wa laifin, su lulluɓe kansu da irin wannan tabarmar. Ba sa motsi, ba sa magana, ko rana ko ruwan sama, har sai mai gidan ya fito ya yaye tabarmar da hannunsa, alamar ya yafe. Gida da gida ake yi wa juna haka. Ba wanda ya taɓa jin 'ya ta yi wa ubanta.

Ran Litinin, gari na wayewa, masu zuwa gona suka ga mutum zaune a kan tsakuwar ƙofar gidan Penaia, lulluɓe da tabarma. Ƙafafun da suka leƙo aka gane. Kafin hantsi ƙauyen ya taru a bakin hanya. 'Yan makaranta suka ƙi wucewa. Alapati ya iso da bas cike da masu sauri su kama jirgi, ya kashe kiɗa, ya kashe mota, ba fasinjan da ya yi ƙorafi. Rana ta take, baƙar tsakuwar nan ta yi zafin da ko kare ba ya taka ta. Penaia na ciki jingine da ginshiƙinsa, kowa na ganinsa, shi ma yana ganin kowa. Fasto ya zo ya tsaya daga nesa. Leitu na bayan madafa, ta cusa kai tsakanin gwiwoyinta.

Sai da rana ta kai tsaka tsohon ya dogara sandarsa ya fito. Ya tsaya a kanta.

"Wa kika kashe?"

Muryar ta fito daga ƙarƙashin tabarma, a dishe, amma har bakin hanya an ji. "Ban kashe kowa ba. Haihuwa na yi."

Shi ke nan, abin da ƙauye ya shekara goma sha shida yana taya su ɓoyewa ya fito fili da rana tsaka. Matan da suka zo barka a wancan lokacin suka sunkuyar da kai. Penaia ya daɗe a tsaye a kanta. Sannan ya sunkuya ya yaye tabarmar.

"Tashi," ya ce. "Kin gama da ni."

Ya cika abin da yayewar ke nufi. Ya sa farar kwat ɗinsa, wadda Tino ta ɗinka, ya haye Apia, ya ɗora hannu a kan Littafi ya faɗa wa wani saurayin ma'aikaci, sa'an jikansa, cewa ba shi ya haifi Leitu ba. Lahadin da ta biyo ya mayar wa fasto ƙoƙon jibi. Fasto ya roƙe shi, ya ce ba wanda ya nemi haka, Penaia ya ce wanda ya rantse cewa ya yi ƙarya ba ya riƙe ƙoƙo. Tun daga ranar a layin baya yake zama, kusa da ƙofa, inda masu makara ke raɓewa. Tsakaninsa da Tino kuwa sai ga abinci, sai ina sandata.

Wata takwas aka yi ana kai da komowa, aka ɗebi yawu, aka cika fom, aka sake cika wani. Ranar da sabuwar takardar haihuwa ta fito, Tino ta karɓe ta da hannu biyu a ofishin Sieni. Uba Faleniko, uwa Fuatino. Ta karanta layin sau uku, ta shafa shi da yatsa kamar tana duba laushin yadi. Takardar ta asali da yarinya za ta tafi, ita aka yi mata kwafi.

A jirgin dawowa suna zaune kafaɗa da kafaɗa, Leitu ta ce, "To yanzu me zan riƙa ce miki?"

Da gaske ta yi tambayar, tana kallon ta. Tino ta ji kalmar ta taso mata har maƙogwaro, irin wadda ta ji yaran da ke zuwa hutu daga waje suna kiran iyayensu da ita. Sai ta ga abin kamar roƙo, ga mutane a gefe suna ji. Ta kau da kai.

"Abin da kika saba mana. Da ma ai sunana ke nan."

Leitu ta ce to. Wannan amsar Tino ta fi yin da-na-saninta fiye da komai a rayuwarta, har da zaman fifitar nan na shekarun baya.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Fasfo ya zo, tikiti ya zo. Tino ta ɗinka riguna biyar, ta ƙara musu kalmasa mai faɗi don in yarinya ta ƙara tsawo a saki. Penaia bai je filin jirgi ba, ya dai ɗora hannu a kan Leitu ya yi mata addu'a, ya ce da ita autata har ƙarshe. A filin jirgi Leitu ta rungume Tino ta yi kuka sosai, kukan gaskiya. Ta ce, "Tino, zan riƙa kira duk Lahadi." Ta shige, jakarta a hannun hagu.

Ba ta saɓa ba, duk Lahadi bayan cin abincin rana wayar kan yi ƙara, ga fuskarta a gilashi. Ta yi ƙiba kaɗan, ta shiga makaranta, tana da ɗaki nata ita kaɗai mai bango huɗu da ƙofa. Rigunan nan biyar Tino ba ta taɓa ganin ko ɗaya a jikinta ba, ba ta kuma tambaya ba. Moira mutuniyar kirki ce, ba abin da za a ce da ita. Ita ke kai yarinyar makaranta, ita ke taya ta karatu, kuma duk kira sai ta leƙo ta ɗaga hannu, ta gaida Tino da 'yan kalmomin yarenmu da ta haddace. Tino ta nemi biza ta ziyara sau ɗaya, aka ce ba a gamsu za ta dawo ba, tunda ba miji, ba aikin albashi, ba ƙaramin yaro da ta bari a gida. Ta ajiye wasiƙar a aljihun keke, tare da kwafin takardar haihuwa.

Wata Lahadi cikin watan Oktoba, ana saura mako guda Lahadin Yara, fararen yadudduka sun cika rumfa. Leitu ta kira tana ba da labarin jarrabawa, Tino ta jingina wayar da kan keke tana saurare. Penaia na jingine da ginshiƙinsa, ido a rufe. Sai aka ji motsin ƙofa a can, yarinyar ta waiwaya ta ɗaga murya.

"Mama, zo ga Tino, ku gaisa."

A sauƙaƙe ta faɗe ta, yadda ake faɗin kalmar da baki ya saba da ita. Can haka yara ke cewa, kuma wataƙila Moira ce ta nema, ita ba ta ji kunyar nema ba. Moira ta leƙo da murmushinta, Tino ta mayar mata, ta tambayi lafiyar Niko, ta ce a ci gaba da ƙoƙari a makaranta. Aka yi sallama, gilashin ya yi baƙi.

Tsohon bai buɗe ido ba. Rabon da ya yi mata tambayar da ba ta abinci ko sanda ba ce tun ranar tabarma.

"Wa take ce wa Mama?"

"Matar ubanta."

Ta ɗauka barci ya koma. Can ya ce, "To ke fa?"

Tino ta ɗauko wata 'yar farar riga, ta 'yar Alapati ce mai shekara shida, ta juya ta baibai tana neman inda za ta kama. Lahadi ce, ba a taka keke, don haka ta sa fil a bakinta kawai.

"Ni Tino ce," ta ce.